Addu'ar da Inna ta ƙi yi wa Kawu

Tunda na yi wayo ban taɓa jin Inna ta ce "Allah ya jiƙansa" a kan yayanta Kawu ba. In ta idar da salla takan jero mamatanmu ɗaya bayan ɗaya tana nema musu gafara, amma da ta zo kansa sai ta canza baki, ta ce, "Allah ya dawo mana da shi." Mutumin nan ya bar ƙauyenmu tun tana 'yar ƙwailar yarinya, ya rataya zabirarsa ta wanzanci ya ce zai gangara Ikko ya hau jirgin ruwa zuwa Kurmi, inda ake ce wa Ghana yanzu. Daga ranar ba wasiƙa, ba saƙo. Ko a lissafin yara ya ci a ce ya rasu, amma Inna ta ce ba za ta binne mutum da bakinta ba alhali ba wanda ya ga kabarinsa.

Ni kuwa gadi ya kawo ni Doha, a ƙofar wasu gidaje a Aziziya. Aiki ne na zama: ka ɗaga ƙarfe mota ta shiga, ka sauke, ka koma cikin 'yar bukkarka mai sanyi. Shekarar da ƙafafun Inna suka fara kumbura, muryarta ta yi ƙasa a waya, sai abin ya tsaya mini a rai. Wata rana ta ce mini, "Kai da ka tsallaka teku, ba ka ji labarin Yaya a can ba?" A wurinta ƙasar waje ɗaya ce, duk waɗanda suka fita suna unguwa guda. Na yi dariya, amma da na ajiye wayar sai na ji tsoro ya kama ni, kada matar nan ta tafi da tambayarta a baki.

Na ji an ce an ɗauki hotunan tsofaffin takardun fasinjojin jiragen ruwa an zuba a intanet, sai na duƙufa. Da rana tsaka, lokacin da zafi ke korar kowa daga titi, nakan zauna ina jan shafi da yatsa. Wallahi abin ya girgiza ni. Ga rubutun wani akawu da ya daɗe da zama ƙasa, tawadarsa har da inda ta ɗiga, ga sunayen mutane da shekarunsu da tashar da suka sauka, ni kuma ina kallo daga wata ƙasar da ko sunanta ba su sani ba. Sai dai masu sunan duk masu kwana a ɗakunan jirgi ne, Turawa da manyan 'yan kasuwa. Talakawan da ke kwana a sararin jirgi da tabarmarsu, adadinsu kawai ake rubutawa a ƙasan shafi. Nakan daɗe ina kallon adadin nan, ina cewa wataƙila Kawu yana ciki.

Ranar Juma'a bayan masallaci mukan haɗu a Asian Town, matattarar 'yan ci-rani, da wani abokina ɗan zangon Kumasi, direba ne a wata gona a Ummu Salal. Mutum ne mai baki, kullum cikin tsokanata wai mu 'yan Najeriya mun fi kowa gardama. Wata Juma'a muna cin shinkafa na nuna masa wahalar da nake sha, har da takardun ƙidayar ƙasarsu da na bincika da sunan Kawu da na mahaifinsa ban samu komai ba.

Ya ajiye loma ya dube ni. "Ɗan'uwa, da sunan ubansa kake nema?"

Na ce, "To da na wa zan nema, da naka?"

Ya ce, "Ai nan ka ɓata. A zango, baƙo ba ya da uba sai maigidansa. Wanda ya sauke ka, ya ba ka ɗaki, ya tsaya maka a gaban sarkin zango, shi ne ubanka. In masu ƙidaya sun zo, a ƙarƙashin sunansa za a sa ka. Kakana ma haka aka yi masa."

Na ji haushi, don wata da watanni ina ƙona idona a banza, ga shi ya warware mini yana suɗe yatsa. Ya ce in daina neman suna, in ba shi sunan ƙauyenmu da sana'ar Kawu. Yana da ƙane malamin makaranta a Kumasi, shi zai je ofishin da ake ajiye tsofaffin takardu ya bi gidajen zango gida gida. Ya ce da guntun Larabcinsa, "Halas, shi ke nan, ka bar mini. Yalla, maza ci abincinka."

Ban sa rai ba. Sai wata safiya ina tsaye bakin ƙofa hoto ya shigo wayata. Shafi ne da ya yi ja don tsufa. A sama sunan wani mai fataucin goro, a ƙasa mutanen gidansa, can wajen ƙarshe ga sunan yanka na Kawu manne da na maigidan, an rubuta wanzami, an rubuta ƙauyenmu, ƙauyen da ko a taswira sai ka sa ido. Wata mota ta yi ta danna mini oda ban ji ba. Sai na shiga tasbihi.

Gidan yana nan har yau, jikokin maigidan ne a ciki. Su suka nuna wa malamin wata tsohuwa mai sayar da koko a bayan masallacin unguwar, suka ce 'yar wanzamin ce.

Na haɗa mu uku a kiran bidiyo da hantsi: ni a bukkata, Inna a kan tabarmarta ƙanwata tana riƙe mata waya, tsohuwar kuma a Kumasi. Da fuskarta ta fito sai da na dafa tebur. Goshin Inna ne, har da yadda take karkata kai in za ta saurara.

Ta ce, "Gwaggo, ina kwana."

Inna ta ƙare mata kallo. Can ta ce, "Yarinya, wa ya ce miki ni gwaggonki ce?"

Matar ta faɗi sunanta. Sunan Inna ne. Ta ce babanta ya sa mata shi don wata ƙanwa da ya bari a gida, wadda ta bi shi da kuka har bakin rafi ranar da zai tafi, ya ɗauko ta ya maido ta ƙofar gida ya ce ta jira shi. Ta ce ya yi ta shirin komawa, yau ciwo, gobe iyali, har ƙafa ta gaza. Inna ba ta taɓa ba mu labarin rafin nan ba, amma sai na ga ta gyaɗa kai.

Ta tambaya a hankali, "Yana ina yanzu?"

Matar ta ce, "Ya daɗe da rasuwa, Gwaggo. Da rana ya cika, a hannuna. Limamin unguwa ne ya sallace shi, mutane har titi. Na san kabarinsa."

Na zaci Inna za ta rushe da kuka, har na fara neman kalmar lallashi. Ba ta yi ba. Ta gyara mayafinta, ta ce wa ƙanwata ta riƙe wayar da kyau, ta ɗaga tafukanta biyu.

Ta ce, "Allah ya jiƙan Yaya."

Muka ce amin, ni daga Doha, takwararta daga Kumasi. Sai ta sake faɗa, a hankali, kamar mai koyon kalmar.