Awon Yatsa

Duk abin da ɗan Adam ya gina ya tsaya, awo ne ya tsayar da shi. Rijiya, rumbu, masallaci, har kabari, ba wanda ake farawa sai an gwada. Na yi shekaru ina faɗa wa ɗalibaina ƴan lakwal wannan magana, da sandar mita a hannuna, ina kai da komo tsakanin tebura kamar ni na ƙago santimita. Ashe a cikin ɗakina akwai awon da ban taɓa dubawa ba.

Lokacin da aka sa ranar aurenmu ina koyarwa a Takanamat, garin su matata, Allah ya jiƙanta. An kai goro, an shafa fatiha, iyaye sun gama nasu. A wurinmu magana ta ƙare ke nan. Amma ni na karanta littattafan Faransanci fiye da yadda ke da amfani ga saurayi, a cikinsu kuwa ba a alkawarin aure sai da zobe mai lu'ulu'u. Ga shi ba ni da baki. In na je hira ƙofar gidansu, sai in ɓuge da ba ta labarin yadda gero ya yi a Barmou. Sai na ƙudura cewa zobe zai faɗa mata abin da na kasa faɗa.

Da hutu ya zo na shiga Tahoua, na nemi wani maƙerin azurfa, Buzu dattijo, mai zama a ƙasa tsakanin zuga-zugi da kwanon gawayi. Na gaishe shi, na ce diyaman nake so, wato lu'ulu'u.

Ya ɗago rawani ya dube ni. "Mushe," in ji shi, don haka ake kiran duk mai riƙe alli, "in ka ga abu na ƙyalli cikin kasuwar ga aka ce maka diyaman ne, gindin kwalba ne. Ina iya sa maka shi, amma kada ka ce wurina ka samo."

Ya kwance wata tsohuwar fata, ya zube duwatsu a gabana. Akwai jajaye kamar ɓawon goro, akwai wani mai ruwan ganye, akwai baƙi guda ɗaya, sumul, wanda ya ce daga arewa aka kawo shi. Kwana uku ina zuwa ina juya su a tafin hannu. Ban taɓa yi wa wata jarrabawa irin wannan shiri ba.

Maganar yadda za a ɗaure dutsen ba ta ba mu wuya ba. Ni na so haƙora huɗu na azurfa su riƙe shi sama, yadda na gani a hoto.

"Tana daka?" ya tambaye ni.

Na ce tana yi.

"Tana wanki, tana damu?"

"Kamar kowace mace."

"To haƙoran nan za su kama mata zane, su cika da gari. Bari in zagaye shi da baki, ya zauna ciki lafiya."

Na yarda. A kan dutsen ne muka rabu. Shi ya ce ja, mata ja suke so, baƙi na dattawa ne. Ni kuwa na yi masa darasi cikakke. Na ce ja na kowa ne, baƙi shi ke da natsuwa, ba ya neman a gan shi, haka kuma yarinyar take. Ya saurare ni har na gama, yana hura wuta.

"Yatsanka ne ko nata?" Abin da ya ce ke nan. Na ce baƙin za a sa.

Saura awo. Ya tsaga siririyar kaba ya ba ni, ya ce a naɗa a yatsa, a yanke daidai inda ta haɗu. A nan ilimina ya tsaya. Ba ni da halin taɓa hannun ɗiyar mutane, in kuma na aika mata kabar, asiri ya tonu. Sai na roƙi yayata, wadda ke aure a Tahoua, ta shiga motar ranar kasuwa ta je Takanamat. Ta dawo da la'asar, ta miƙa mini kabar a yanke.

"Yaya, kin auna da kyau?"

"Ni da nike auna zane tun kana yawo ba wando?"

Zoben ya fito yadda na so. Na kai mata shi a naɗe cikin takardar kaye, littafin rubutun ƴan lakwal. Ta buɗe, ta daɗe tana dubansa, ta ce Allah ya saka da alheri, ta ƙulle shi a bakin zane. Na jira ranar biki, ban gan shi a hannunta ba. Na jira sunan ɗanmu na fari. Na jira salla bayan salla. Zoben yana cikin wani gwangwani tare da allurai da maɓallai, duk inda aka kai ni aiki gwangwanin na bin mu, Tebaram, Barmou, har muka dawo Tahoua.

Ban tambaye ta ba. Na riga na ba kaina amsa: dutsen ne. Maƙeri ya faɗa mini, na ƙi ji. Karo na farko da na yi ƙoƙarin yi mata magana daga zuciyata, na faɗi abin da ba ta so, ita kuma don kawaici ta yi shiru. Da wannan na zauna fiye da shekara ashirin. Kowace salla sai in sayo mata jan zane, a matsayin ban haƙurin da ba ta san ana ba ta ba. Wata rana tana warware ɗaya ta ce, "Kai dai da ja." Na ɗauka godiya ce.

Sau biyu na kusa tambaya. Na biyun a asibiti ne, hannunta na cikin nawa, ya rame har ina jin ƙasusuwan. Na buɗe baki, sai na ji ina tambayarta ko a ƙara mata ruwa.

Bayan sadakar arba'in mata suka taru suna fid da kayanta don rabo. Mahaifiyarta, surukata, tana zaune a tabarma can gefe, tsohuwa da carbi. Sai Yaya ta kira ni bakin ƙofa, gwangwanin na hannunta.

"Ashe tana nan da shi," in ji ta.

Na ce eh, ba ta dai taɓa sa shi ba. Ban san yadda aka yi ba na ƙara da cewa ba ta son baƙi.

Yaya ta zauna a kan turmi. "Ba dutsen ba ne, ƙanena. Ranar da na tahi, tana jin an ce ga yayar ango ta ruga ɗaka ta rufe, ka san ba ta fitowa gabana. Na yi kira, na yi lallashi, mota kuma na shirin tashi. Sai uwarta ta ce ai hannunsu ɗaya da ɗiyarta, ta miƙo nata."

"Ita marigayiyar ta sani?"

"Ta tagar ɗaki take kallonmu. Daga baya ta roƙe ni kada in faɗa maka. Ta ce ka wahala a kan zoben nan, kana ta yabon awon, ba ta so ka ji kunya."

Na tsaya ina kallon zoben. Azurfar ta dushe, dutsen kuwa yana nan sumul, ko ƙwarzane babu, kamar yadda maƙerin ya yi alkawari.

A rabon gado zoben ya faɗa wa surukata. Ya yi mata daidai.