Kiɗan da Na Yi a Gayyar Garu

Ni ne da laifi, kuma tun a ranar na sani, sai dai bakina ya yi nauyi har aka yi girbi.

Gidanmu a Illela gidan makaɗan noma ne. Bayan rasuwar mahaifina, ƙanensa da muke kira Baffa ya riƙe ni, shi ya fara sa mini gula, sandar kiɗa, a hannu. Ban yi nisa a wurinsa ba na sami waya mai kyamara. Sai in jingine ta a katanga, in rataya ganga, in zuba kiɗa mai sauri na rabin minti, ina juyi, ina wurga gula sama ina cafewa. Mutane suka so abin. Ranar kasuwa direbobin albasa na nuna ni, har daga Ƙonni ake turo mini gaisuwa. Baffa bai taɓa hana ni ba. Iyakarsa ya ce in na gama da wayar in zo ya koya mini take, wato kiɗan da kowane manomi ke da nasa, wanda in ya ji ya san da shi ake. Kullum sai in ce masa gobe.

Da damina ta kankama, wani manomi a ƙauyen Garu ya faɗo daga amalanke ya karye a ƙafa. Ciyawa ta taso wa geronsa, in aka ƙara mako to babu abin da iyalinsa za su sa a rumbu. Maƙwabta suka haɗa masa gayya. Da suka zo neman makaɗi, ni suka tarar a zaure. Na ce musu ba sai an wahalar da tsoho ba, hannunsa ya yi sanyi, kiɗansa kuma na da ne. Da yamma na gaya wa Baffa ni aka nema. Ya ce Allah ya taimaka.

Ranar gayya ina isa gonar sai na gan shi a cikin sahun manoma, ya naɗe ƙafar wando, hauya a kafaɗa. Ya ce gayya ce, kowa da abin da zai kawo.

Na ɗaure wayata a reshen wata aduwa, na fara irin kiɗan da na iya. Samari suka zabura, ƙasa na tashi, ni kuma ina jin daɗin yadda abin zai fito a bidiyo. Ban lura sun bar dattawa a baya ba, ban lura garin sauri suna sare gero tare da ciyawa ba. Kafin hantsi ya ɗaga sahu ya watse, kowa ya nemi inuwa yana haki. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Makaɗin waya, mu fa ba caji anka yi muna ba." Aka yi dariya. Mai gona bai yi ba. Yana zaune a kan tabarma da ƙafarsa a ɗaure, yana duban abin da ya rage, kuma kusan duk gonar ce. Wuyan hannuna ya riga ya kumbura, don ban taɓa yin kiɗa mai tsawon haka ba.

Baffa ya ajiye hauya ya zo. Na miƙa masa gula, ya ƙi karɓa.

"Mi kaka kallo bisa icce?" in ji shi. "In sun koma aiki, dubi na ƙarshen sahu. In ya ɗaga ka ɗaga, in ya sauke ka sauke. Shi kaka yi ma kiɗi."

Ya tsaya a bayana, yana rera mini taken kowane mutum a kunne, ina bi da gula a hankali. Da muka zo kan na wani dattijo, wanda ya gada daga ubansa, sai dattijon ya miƙe daga inuwa ya ɗaga hauya sama, ya duƙa. Sauran suka bi shi. Bayan la'asar aka fita daga kunyar ƙarshe. Da mai gona ya yi wa Baffa godiya, sai Baffa ya nuna ni ya ce ai ga wanda ya yi kiɗin.

Sauran daminar a bayansa na yi ta, gona zuwa gona, har Kalmalo da Gidan Katta. Ban daina ɗora bidiyo ba, kuma ba na raina shi, don ta nan ake kiran mu biki yanzu. Amma abin da nake kaɗawa a ciki, Baffa ne ya ba ni, bai taɓa yi mini gori ba. Wannan shirun nasa ne ya fi damuna.

Wata safiya bayan girbi na same shi a gindin rumbu yana jan tsarkiyar ganga. Na durƙusa.

"Baffa, mutanen Garu kai sunka zo nema. Ni na ce musu hannunka ya yi sanyi, don in samu abin ɗorawa a waya. Ƙarya na yi maka, na kusa jawo wa bawan Allah asarar gonarsa. Ka yafe mini."