Ƙugiya a Kan Masussukar Babana

A shekarun da ake aikin dam ɗin Bakolori na ajiye fartanya na shiga leburanci, don gonarmu ta gado tana cikin filayen da katafila ta baje za a ja musu ruwa. Aka haɗa ni da wani tsoho mai tuƙa motar ƙugiya, irin wadda ke ɗaga motar da ta faɗi ko ta kafe. Aikinmu, ni da wasu mutum uku, shi ne shimfiɗa katakai a ƙarƙashin ƙafafunta huɗu kafin ta ɗaga kaya.

Tsohon ɗan reluwe ne da ya bar aiki, kowa Baba yake ce masa. Katakan ma irin na layin dogo ne, baƙaƙe masu warin kwalta. In mun zauna cin abinci yakan ba mu labarin ƙugiyar da ya fara aiki a kanta. Ya ce ita a kan layi take tafiya, kwal take ci, ruwa take sha. In tarago ya sauka daga layi tsakanin Gusau da Ƙauran Namoda, sai an hura mata wuta an jira tururi ya taru, tana ta huci kamar bajimi. Kafin zuwanta kuwa jak ne da kafaɗun mutane, tarago guda ya cinye kwanaki. "Wagga da kuke gani amarya ce, makulli kawai ake murɗa mata," in ji shi. Yana da wani dogon rodi da yake caka ƙasa da shi duk inda za mu kafa.

Wata rana da hantsi, farkon damina, aka zo da gudu aka ce wata tifar tsakuwa ta kife a gefen sabuwar hanyar ruwa kusa da Birnin Tudu, ta danne direban. Da muka isa na leƙa, sai na ga ɗan kawuna ne, taubashina. Ƙafarsa ta dama tana ƙarƙashin kan motar. An gwada haƙa da shebur, amma duk ƙasar da aka kwashe sai motar ta ƙara zama a kansa, dole aka bari.

Leɓɓansa sun bushe, amma da ya gan ni sai ya ce, "Bawana aka aiko mini? To, kwana ya ƙare."

Na ce, "Sau nawa na ce ka tsaya ga jaki? Ina kai ina mota?"

Ya so ya yi dariya, sai ya yi nishi. Ya ce a hankali ya fara daina jin ƙafar.

Heluman wurin, wato shugaban leburori, ya nuna wa Baba wani fili shimfiɗaɗɗe dab da tifar. Ranar Baba bai taɓa rodinsa ba. Nishin ya shiga kunnensa, ya juya mota kawai ya ja baya. Na saɓo katako na farko, ina ɗaga kai sai na ga kukar bakin hanya ta rufe giginyar bakin gulbi, ganyenta kaɗai ke leƙowa. Wuri ɗaya ne a duniya da itatuwan nan biyu suke haɗuwa haka, bakin rijiyar gonarmu, inda na yi shekaru ina jan guga. Na dubi ƙasa. Tafasar wurin ta fi ta ko'ina tsayi da duhu, ta yi da'ira. Bara katafila ta tura ƙasa ta cike ramin, kuma a kansa ƙafar ƙugiya ta baya za ta zauna.

Na yar da katakon na ce, "Baba, kada a kafa nan. Akwai rijiya."

Heluma ya buɗe takardar filin yana kaɗa mini. "Wace rijiya? Nuna mini ita a nan! Kauce, malam, mutum na mutuwa."

Daga ƙarƙashin mota taubashina ya ɗaga murya. "Ku ƙyale shi, gado yake jira! Ya daɗe yana harin rediyona!"

Wasu suka yi dariya, wasu suka fara zagina. Na san duk jinkirin da na jawo a ƙafarsa yake sauka, kuma in na yi kuskure ban san da wace fuska zan dubi kawu ba. Amma in ƙafar ƙugiya ta nutse da kaya a sama, tifar za ta dawo kansa gaba ɗaya. Na tsaya a kan tafasar na ƙi motsi.

Baba ya sauko, ya zaro rodin, ya kafa tsakanin ƙafafuna, ya danna. Rodin ya shige kamar cikin tuwo, har hannunsa ya taɓa ƙasa. Heluma ya naɗe takardarsa.

Baba ya ce, "Ɗana, ina ƙasa mai ƙarfi?"

Na juya gabas na yi ta taku har inda na san masussukar babana take, wurin da aka yi shekara da shekaru ana daɓewa ana sussukar gero. Baba ya caka, rodin ya yi tsalle. Sai dai wurin ya ɗan yi nisa da tifar, kuma in hannun ƙugiya ya miƙe da yawa ƙarfinta raguwa yake. Baba ya sa aka kwashe sauran tsakuwar, muka ninka katakai biyu-biyu. Ya ce, "Ba tayar da mota za mu yi ba yanzu. Taƙi guda nake so, ku cusa katako, ku jawo shi."

Aka ɗaura sarƙa. Injin ya yi ruri, sarƙar ta miƙe, katakai suka fara kuka. Ni ban dubi sama ba, na tsuguna ina kallon inda katako ya haɗu da ƙasa. Ko kaurin farce bai nutse ba. Sai na ji an ɗauki kabbara, matan da ke kan gaɓa suka rangaɗa guɗa. An jawo shi.

A asibitin Talata Mafara aka ɗaure ƙafar, ba a yanke ba. Da ya warke ya koma tuƙi, yana ɗan ɗingishi. Tun daga ranar, duk inda muka je ɗaga mota, daga Bakura har wajen Maradun, kafin Baba ya caka rodi sai ya dubi jama'a ya ce, "Gonar wa ce nan a da?"

Da na je duba taubashina a gida, tun yana jinya, na tarar da shi a zaure ya miƙe ƙafa, ya cika wuri da labari. Yana ganina ya jawo rediyon ya rungume. Ya ce wa mutane, "Ku shaida, bawana ya yi aikinsa. Amma wannan sai dai ya saurara daga nesa."