Sharafaddeen, Wanda Ya Sa Manoman Kwamfuta Yin Hausa

Da hantsi Sharafaddeen yake buɗe shagonsa a unguwar Mayo ta Khartoum, ya goge kwamfutoci, ya karɓi shayi wajen Bakhita mai shayin bakin titi, ya jira wuta. Samari suna zuwa buga wasan dabarun yaƙi, wanda ake gina gari, a yi noma, a tara runduna. Shi ba yaƙin ne ya dame shi ba. Waɗanda suka ƙirƙiro wasan sun bar wata kafa da mutum zai zana tasa ƙasar, kuma nan hankalinsa ya tsaya. Kullum tambayarsa ɗaya ce: in na taɓa nan, me zai faru?

Lokacin mulkin soja ne, zana gadojin Khartoum da dakaru a kai neman fitina ne. Sai ya zana Jazira, inda iyayensa suka yi ƙodagon auduga, da magudanan ruwanta. Da ya gano ana iya sauya muryoyi, ya kai wa mahaifiyarsa, Hajja Kubura, makirfo.

"Inna, ki ce mun tafi gona."

"Ni da na bar gona tuntuni? Wa zai ji?"

"Jikokinki."

Ta yi dariya, ta faɗa, har ta ƙara nata, ya sa muryar a bakin manoman wasan.

Wafa, 'yar yayarsa mai karatu a jami'a, ba ta amsa magana sai da Larabci. Bayan rasuwar tsohuwar ta shigo shagon, ta danna wata manomiya a allo, ta ji muryar kakarta. Ta sake dannawa. Can ta juyo, da gurguwar Hausa ta ce, "Kawu, me take cewa a ƙarshe?"

"Ta ce, ruwa ya iso, ku tashi."

Wafa ta ja kujera. "Koya mini yadda ake sa murya."

Kai ne, Sharafaddeen, mai hannun bincike, ka karɓi wasan wasu ka ba shi harshenmu. Ba ka taɓa hana kowa kwafar faifan wasanka ba, har ɗaliban Nijar da Najeriya sun tafi da shi gida.

Yanzu idonka ya gaji, ka miƙa wa Wafa shagon. Mun gode, Allah Ya saka da alheri. Ku kuma masu tsoho a gida, ku kai masa makirfo tun yana iya yi muku dariya.