Nan Ina, Malam?

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, tara ga watan Mayu, da misalin ƙarfe goma sha ɗaya na safe, Allah ya karɓi ran malaminmu na labarin ƙasa, wanda duk makaranta ta sani da Malam Nan-Ina. Ina cikin aji da alli a hannuna shugaban makaranta ya leƙo ya yafito ni. Yau kwana huɗu, Malam, na kasa zama wuri ɗaya. Alhamis da Juma'a a zirga-zirga na ƙare su: in shiga ɗakin malamai, in ga kujerarka, in fito, in je ƙofar ajinka, in juyo.

Kai ka jawo wa kanka wannan suna. Ka tambayi yaro, "Kana ina?" ya ce, "Ina nan," sai ka sauke tabarau ka ce, "Nan ina? Ko kaza ta san tana nan." Ba ka barinsa sai ya faɗi me ke gabas da shi, me ke yamma. Darasinka kaf a yatsun hannu ɗaya yake: ina wurin yake, yaya kamanninsa, me mutum ya yi masa kuma me ya yi wa mutum, da waɗanne wurare yake yanki ɗaya. Babban yatsa kuwa kullum kana ajiye shi sai ƙarshen zango. Shi ne motsi. Kakan ce ba abin da ke zaune, ruwa ne, kaya ne, labari ne, ko mutum.

Kafin in zama abokin aikinka, ɗalibinka ne ni, kuma sarkin makara. Bulalar bakin ƙofa ta san bayana sarai. Wata rana ka sa kowa ya zana hanyarsa daga gida zuwa makaranta. Ka ɗauko zare ka auna tawa, ka sake aunawa, sannan ka tambaye ni me ya kai ni ƙetaren gada alhali makaranta na wannan gefe. Na ce ƙanwata nake kaiwa tasu makarantar, tunda mahaifiyarmu ba ta da lafiya. Ka naɗe zaren, ka tafi da takardata wajen malamin ladabtarwa. Daga ranar ba a sake taɓa ni ba, kuma har muka yi shekara goma sha ɗaya muna shan shayi a teburi ɗaya ba ka taɓa tayar da zancen ba.

Abin da ya hana ni sakat shi ne wayarka ta ranar Litinin daga asibiti.

"Dogo, kana ina?"

"Ina nan tafe, Malam."

Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka. "Nan ina?"

Ka ce in zo ka nuna mini yadda kake koyar da babban yatsa, domin shi kaɗai ya rage wa 'yan ajinka. Na ce da an tashi. Ban zo ba. Litinin gyaran takardu ya cinye ta, Talata taron malamai, Laraba na ce lallai yau, da an tashi. Tafiyar minti goma sha biyar ce a babur. Kai ka auna hanyata da zare don ka san uzurina. Wannan hanya ko an auna ta sau ɗari ba ni da uzuri, kuma ina jin kunyarka.

A wajen zaman makoki na durƙusa gaban maiɗakinka. Ita ta fara magana, ba da faɗa ba. Ta ce, "Ɗana, ai ya hana kowa zama a kujerar gefen gado. Ya ce taka ce, kana nan tafe."

Allon ajinka yana yadda ka bar shi. Layi huɗu a cike da rubutunka mai karkata, sai lamba ta biyar ita kaɗai, ba komai a gabanta. A kusurwa ka rubuta, "Kada a goge." Gobe Litinin ni zan shiga, yara arba'in da uku suna kallona. Ban san yadda ka so a koyar da shi ba, kuma babu wanda zan tambaya. Zan dai ɗauki alli in cike layin. In wani ya ce, "Ina Malam?" ba zan ce masa ba ka nan ba, domin ba ka yarda da irin wannan amsa.

Ga Mama maiɗakinka, da 'ya'yanka, da ƙannenka, da dukkan wanda ya taɓa ƙirga darasi a yatsunsa saboda kai, ina miƙa ta'aziyyata. Allah ya ba mu haƙurin rashinka. Ka yafe mini, Malam. Shekara talatin da shida kana yi wa yara tambaya. Allah ya sauƙaƙa maka taka tambayar, ya haskaka makwancinka, ya gafarta kurakuranka. Ranar da za mu zo nemanka, mu ce nan ina, Allah ya sa amsar ta zama Aljannar Firdausi. Amin.