Gajeriyar da ke Ƙarƙashin Tamfol

Sha-uku ake ce masa, saboda sifana mai lamba goma sha uku da ba ta rabuwa da aljihun wandonsa na baya. Matarsa ta ɗinke aljihun nan har ta gaji, ta koma lanƙaya masa ƙyalle biyu. Shekara talatin da huɗu ya yi yana kwanciya a ƙarƙashin motocin mutane. Ba ya yawan magana, kuma ba ya barin mota ta kwana a garejinsa matuƙar akwai dabarar da za ta tashe ta. Mota ɗaya ce tak ta karya masa wannan doka. Shekararta tara a can ƙarshen fili, jikin katanga, a lulluɓe da tamfol.

Ranar Litinin da safe mai filin ya zo, ko fitowa daga motarsa bai yi ba. Ya sauke gilashi ya ce magina za su shigo ranar Asabar, za a yanke bayan garejin a yi shaguna. Abin da ya iya fita da ƙafarsa ya fita, wanda bai iya ba ɗan gwangwan zai zo ya yayyanka ya kwashe. Sha-uku ya ce to. Ya koma ƙarƙashin motar da yake gyarawa, ya ɗaure noti, ya kwance shi, ya sake ɗaurewa. Daga nan ya fito ya tsaya yana kallon katanga.

Motar ba wata abin a zo a gani ba ce. 'Yar gajeriya ce koriya, mai ƙofa huɗu da giyar hannu, irin wadda a lokacinta duk inda ka waiga sai ka ga uku. Malaman makaranta ke hawanta, da direbobin haya, da sababbin ma'aikata. A wurin wata dattijuwa ya same ta, wadda mijinta ya rasu ya bar mata ita ba ta yi wata tafiyar kirki ba. Kujerunta ko tabo babu. Ya wanke ta, ya ɗora ta a kan bulo don kada tayoyin su lalace, ya ja tamfol ya rufe.

Yana da dalilinsa. Lokacin da yake ɗan shekara ashirin, maigidan da ya koya masa aiki ya sa shi ya yanka wata tsohuwar mota mai zagayayyun fitilu, don ta tare musu wuri. Da hannunsa ya yi, cikin yini guda, yana yi yana fito. A lokacin irinta sun fi gaban ƙirge. Bayan shekara ashirin da biyar sai ga wani mutum da hotonta a waya, yana bin gareji-gareji ko zai samu ko da ƙofarta ce. Ya ce irin ta mahaifinsa ce, kuma ya nema har ya gaji, babu. Sha-uku ya daɗe yana kallon hoton, ya miƙa masa wayarsa. Wata bai zagayo ba Gajeriya ta shigo garejin.

Maƙwabtansa biyu ne a filin, mai fenti da rewaya mai gyaran wayoyin mota, kuma in rana ta take suka zauna shan shayi a rumfa ba su da gardamar da ta wuce wannan: wace mota ce a cikin na yanzu za ta zama ta tarihi, wadda jikoki za su riƙa nema ido rufe? Mai fenti kullum yana bayan motocin masu hali, masu ƙofa biyu, waɗanda cikinsu ke shafar ƙasa, ƙararsu na kaɗa gilashin shago. Rewaya ya ce a'a, motocin lantarki na farko su ne, domin ta farko a komai ita ake tunawa. Sha-uku sau ɗaya ya taɓa sa baki. Ya ce motar mai hali ba ta ɓacewa, kullum akwai mai ɓoye ta a inuwa. Ta lantarki kuwa, ranar da ƙwaƙwalwarta ta mutu babu sifanar da za ta tashe ta. Wadda ke ɓacewa ita ce wadda kowa ya hau, don ba mai tausayinta, a mora ta har ta faɗi a yanka. Wata rana kuma wani zai zo yana neman warin kujerar da ubansa ya riƙa kai shi makaranta a kai. Daga wannan bai ƙara ba. In sun tsokane shi sai ya nuna tamfol da haɓa, ya ci gaba da shan shayinsa.

Da yammacin wannan Litinin ɗin ya kwance igiyoyin, ya yaye tamfol ɗin gaba ɗaya. Rabon da ya yi haka har ya manta. Abin da ya saba shi ne ya ɗaga gefe ɗaya kawai, daidai inda yake bukata, ya saki.

Jikin motar yana nan sumul, fentinta na asali, ko tsatsa babu. Amma fitilun gaba ramuka ne. Ya ɗaga bonet, sai ya ga ƙasa, da ciyawar da ta tsiro tsakanin bulo. Tun da kamfanin ya daina yin irinta kayanta suka yi wuya, shi kuma ba ya iya kallon mutum ya ce masa babu. Wani direban haya ya zo lagireto ya fashe, ya ɗaga gefen tamfol. Wani malamin makaranta ya zo kik ya ƙone, ya ɗaga gefen tamfol. Kowane lokaci yana gaya wa kansa aro ne, in ya samu wani zai mayar. Shekara uku da suka wuce injin wata nas mai irin wannan motar ya buga a hanyar asibiti, ya ciro nasa tare da giya ya ɗora mata. Kuma don kada notuna su ɓace, duk abin da ya cire sai ya mayar da notinsa a mazauninsa ya ɗan murɗa da yatsa. Ga su nan reras a cikin ramin, kowanne a inda ya dace, ba abin da suke riƙe da shi.

Mai fenti ya leƙo ta kafaɗarsa.

"Maigida, ai wannan gida ne ba mutanen gida. Ina injin?"

"Yana wurin aiki."

"A ina?"

"A asibiti."

Mai fenti ya yi dariya har da riƙe katanga, ya tafi kiran rewaya ya zo ya ga motar tarihi.

A gida Sha-uku ya kasa zama. A tsaye ya ci abinci, ya fita baranda, ya dawo, ya buɗe akwatin da takardun motar ke ciki ya rufe. Ɗaki biyu suke haya a saman bene, kuma a layinsu matacciyar mota ba ta kwana biyu a bakin titi janwe bai zo ya ɗauke ta ba. Abin da zai rage masa na gareji kuwa mota biyu kawai zai ci, wurin neman abincinsa ke nan. Matarsa ta bar shi ya gama zirga-zirgarsa, sannan ta ce, "Baban yara, shekara tara kana ce mini ka ajiye mota. Ni ban ga ajiya ba. Rabo na ga kana yi, gutsure-gutsure." Ya san ba ƙarya ta yi ba.

Ranar Talata ya yini a kasuwar kayan gyara, yana neman abin da zai tashe ta kafin Asabar. Ya shiga rumfa ya fita rumfa, hannunsa ya yi baƙi da tonon tsofaffin ƙarafa. Inji ɗaya ya gani na irinta, shi ma da ya juya shi da sifana ya ji a cije yake.

Ranar Laraba ya yanke shawarar ya bi kayansa ya karɓo. Ya fara da malamin makaranta. Ya tarar da shi a ƙofar gida yana cusa 'ya'yansa huɗu a baya, kowa da jakarsa. Malamin ya murɗa makulli, motar ta tashi bugu ɗaya, ya ɗago hannu yana sa masa albarka. Sha-uku ya ce masa bel ɗin injinsa na kuka, ya buɗe bonet ya ɗaure masa, ya juya ya tafi. A tashar haya ma haka. Kafin ya buɗe baki direban ya jawo shi gaban abokansa yana cewa ga mutumin da ya sa masa lagireton da bai taɓa tafasa ba. Aka kawo masa kujera, ya ƙi zama. Ya dawo gareji da ƙafa, yana jin haushin kowa, ya fi jin na kansa.

Ranar Alhamis da safe sai ga nas ɗin da kanta, ba kiranta ya yi ba. Ta ce ƙofar direba ta daina rufuwa sai da igiya, kuma in ta taka ruwa har ƙafarta yake jiƙawa. Ya shimfiɗa kwali ya shiga ƙarƙashi. Ya ɗan dunguri ƙasan motar da sifana, sifanar ta shige har rabi, garin tsatsa ya zubo masa a fuska. Ya dunguri wani wurin, haka. Ya ce ta tayar. Injin ya tashi lafiya lau, a hankali, ba gargada, kamar ranar da ya ɗora shi.

Ya fito ya tsaya. Ga tata nan, ruɓaɓɓen jiki da lafiyayyen ciki. Ga tasa can jikin katanga. Duk abin da waccan ta rasa, wannan tana da shi.

"Sista, bodin nan ya ƙare. Damina ɗaya ba zai ƙara gani ba."

"To Baba, yaya zan yi? Masu naƙuda ba sa jiran mota ta warke."

"Bar mini ita zuwa Asabar."

Ta tambaye shi me zai yi mata a kwana biyu. Ya ce ta dai zo da wuri.

Tana fita ya jawo sarƙar ɗaga inji. Bai roƙi kowa ba, amma da mai fenti ya ga yana kokawa da injin shi kaɗai sai ya ajiye abin feshinsa ya zo ya kama, yana yi yana mita cewa bayansa ba na haya ba ne. Rewaya ya kwaso wayoyinsa ya shige ƙarƙashin sitiyari. Notunan nan da mai fenti ya yi wa dariya su suka cece su, don ba a nemi ko ɗaya an rasa ba. Inji ya koma mazauninsa, giya ta bi shi. Lagireto, kik, fitilu, famfon mai, batir, duk aka ciro daga ta nas aka ɗaura.

Ranar Juma'a da la'asar rewaya ya fito da kansa daga cikin motar yana share zufa.

"Maigida, ina da tambaya. In ta tashi, ta wa ce?"

Sha-uku ya ci gaba da ɗaure salansa.

"Don na ga bodi naka ne, inji ma naka ne. Amma baiwar Allah nan da mota ta shigo. Da ƙafa za ta fita?"

"Miƙo mini sha-biyu," in ji Sha-uku.

Asabar tun da sassafe magina suka iso da motar yashi, ɗan gwangwan na biye da su da tukunyar gas ɗinsa. Aka sauke Gajeriya daga kan bulo. Sha-uku ya shimfiɗa tsohuwar jarida a kujera don kada ya ɓata ta, ya zauna, ya murɗa makulli. Ta yi tari sau biyu ta kama. Ya fita da ita ta ƙofar gareji, ya bi titi har shataletale, ya zagayo ta bayan kasuwa. Giyar na shiga kamar ana yanka sabulu. Cikin motar na warin tsohon yadi da rana ta gasa. Shekara tara yana da ita, yau ne ya fara sa ta a giya ta huɗu. A shataletale na biyu ya ɗan rage gudu, ya kalli hanyar da ta miƙe zuwa unguwarsu. Yanzu da take tashi, ba janwen da zai taɓa ta a ƙofar gida. Na bayansa ya matsa masa ham. Ya karya kan motar ya koma gareji.

Nas na tsaye a bakin ƙofa da jakarta, tana kallon ɗan gwangwan yana zagaya gawar motarta. Sha-uku ya fito, ya ɗauke jaridar, ya ciro takardun daga cikin rigarsa ya haɗa mata da makulli. Ya ce ranar Litinin su je a mayar da su sunanta. Ta fara magana, ya ɗaga hannu. Ya ce sharaɗinsa uku ne: kada ta bari kowa ya canza mata fenti, kada a huda gabanta a liƙa mata allon zamani, kuma ko fitila ce ta mutu nan za ta kawo ta. Ranar da ta gaji da ita kuma, kada ta kira ɗan gwangwan, shi za ta kira.

Ta shiga, ta shafa kujerar gefe da tafin hannu, ta daɗe ba ta tayar ba. Da ta fita, tayar baya ta faɗa ramin da ke bakin titi. Sha-uku ya runtse ido, hannunsa ya kai aljihun baya.

"Shi ke nan," in ji mai fenti. "Motar tarihinka ta shiga titi. Nan da shekara biyar ta zama irin waccan."

"Za ta riƙa zuwa nan."

"Kai kuma kana nan har abada?"

A bayansu ɗan gwangwan ya kunna wutarsa, magina sun fara ja da igiya daidai inda bulo huɗun suke. Sha-uku ya je ya janye tamfol ɗin kafin a taka shi, ya kakkaɓe, ya ninke shi gida takwas. Rewaya ya ce tunda ba shi da abin rufewa ya ba shi ya yi rumfa da shi. Ya ce a'a. Ya cusa shi a ƙarƙashin teburin aiki, ya koma bakin titi ya tsaya. Wata 'yar ƙaramar mota ruwan toka ta wuce, irin ta masu kai kaya gida-gida, wadda yanzu ta cika gari. Ya bi ta da ido har ta sha kwana, yana sauraron yadda take canza giya.