Minti Ɗayan Da Na Yanke Daga Bidiyona

Lokacin ina ɗan shekara ashirin da biyu, ina karatun aikin jarida a wata kwaleji a unguwar Setapak da ke Kuala Lumpur, Malesiya, kaina yana hayaƙi. Da korona ta kulle mu a ɗaki, ni kaɗai na koya wa kaina haɗa bidiyo a waya da wata tsohuwar kwamfuta. Wallahi ko abinci mantawa nake yi! Abin da na fi riƙewa shi ne, in ba ka girgiza mai kallo a sakan biyar na farko ba, ya tafi.

Akwai kwas ɗin da muke yi kan rahoton rikici, duk ta intanet. Malamar, wata 'yar Malesiya, ta kafa doka: duk wanda zai nuna abu mai tayar da hankali, dole ya fara sa gargaɗi, ya bar shi minti ɗaya cur, don mai son fita ya fita. Ni dariya abin ya ba ni. Har na rubuta a guruf ɗinmu cewa wannan shagwaɓa ce, mu 'yan Najeriya me ya rage ba mu gani ba?

A ajin akwai wata baiwar Allah 'yar Filato, ta girme ni, Anti nake ce mata. Kafin kulle ita ke yi mana tuwo ran Lahadi in ta taso daga coci, tana tsokanata wai abincin mamak, wato na shagunan Indiyawa Musulmi, ya mai da ni sandar rake. Da ta ga abin da na rubuta, ta turo mini saƙo ta gefe ta ce ƙanina, ka sa gargaɗin kawai, ba zai rage ka da komai ba. Na ce to. Ban tambaye ta dalili ba.

Da aikina ya zo, na tattaro bidiyoyin harin ƙauyuka da ake turawa a waya, na haɗa su, na gyara sauti har kukan matan ya fito tar. Na sa gargaɗin, na kalla, na ga ya kashe mini farkon. Sai na yanke shi.

Ranar gabatarwa, ina kunna wa ajin, gawarwaki ne jere a ƙasa. Ko sakan ashirin ba a yi ba muka ji wani irin ihu da ba daga bidiyon yake ba. Anti ce, makirfonta a buɗe. Tana kiran wani suna, tana maimaitawa, sai ƙarar faɗuwar abu. Malamar ta tsayar da ajin. Ni kuwa na kasa gano inda ake kashe bidiyon.

Daga baya wadda suke zama tare a unguwar Titiwangsa ta gaya mini. Ashe wata huɗu kafin nan an kashe ƙanin Anti a irin wannan harin. Iyakoki a rufe, ba ta je jana'iza ba, 'yan gidansu kuma suka ƙi tura mata hoto ko ɗaya don kada ta gani. Anti ba ta faɗa wa kowa ba sai malamar, dokar ma saboda ita aka yi. Abin da danginta suka ɓoye mata, ni na zuba mata shi a ido da kunne, tana ɗaki ita kaɗai.

Na so in je in durƙusa, amma 'yan sanda sun tare hanyoyi saboda kulle. Na kira ya fi a ƙirga, ba ta ɗauka. Ta daina barci, ta daina shiga aji, har aka kwantar da ita a asibiti. Da aka buɗe hanya ta koma gida, saura zango ɗaya ta gama. Sau ɗaya ta amsa mini saƙo. Ta ce ta yafe, amma kada in sake nemanta, don muryata ma tana dawo mata da ranar.

An ba ni sifili a aikin, wannan bai dame ni ba. Har yau ina haɗa bidiyo, ina ma koya wa wasu, amma na gane wanda ke zaune shiru a aji ba ka san gawar da yake ɗauke da ita a zuciya ba. 'Yan uwana ɗalibai, in an ce ku yi gargaɗi ku yi, ko da kun ga ba shi da amfani. Ba a tambayar ku ko ku za ku iya jurewa. Ni na jure lafiya lau, ita ce ta koma gida ba digiri.